Farcen Hannun Dama

Alhamis, bayan la'asar

Usaini ya yanke farcensa. Na hannun dama, duka, ƙwal har nama. Tun kafin ruwan farko ya sauka nake lallaɓa faratan nan, ina nuna masa yadda ake goge bakinsu da takardar kafintoci mai kaushi, yau ya shigo mini zaure da yatsu kamar guntayen rogo. Wai cirar gyaɗa suke yi, babansa ya ce ba zai ciyar da ƙato yana kiwon farce kamar amarya ba. Na ce to kai manomi ne ko makaɗi? Ya ce, "Duka biyu, Malam." Duka biyu! Wallahi da ɗana ne da na make shi.

Jitarmu ba ta 'yan biki ba ce da ake kartar ta da guntun roba. Da farce ake jan tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. In ba farce, sautin ya fito a dakushe kamar mai magana da tuwo a baki. Na faɗa har bakina ya gaji.

Su huɗu suka rage mini a ajin ƙarshe. Kwaleji na rufe, yajin aiki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shi ya sa na ce su riƙa zuwa gida Litinin da Alhamis kada hannu ya mutu. Kiɗan jarrabawarsu tsohon kiɗan Turawa ne na jita huɗu, mai shi ya daɗe da zama ƙasa. Sunan ya gagari bakinsu, suka sa masa Kaji, wai don layukan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar an buɗe akurki. Furera ke fara fitowa da siririyar murya, Basiru ya bi ta, sai Usaini. Khalilu ke riƙe da layin ƙasa mai kauri, wanda muke ce wa uwa. A tsakiya akwai wurin da ukun ke yin shiru, uwa ta yi tafiyarta ita kaɗai, sannan ta kira su su shigo tare.

Khalilu ne kaɗai ke jin maganata. Bana ko fartanya bai taɓa ba, ƙannensa ke noman, in zai ɗauki kaya sai ya zura wa hannun safa. Na kama hannun na ɗaga sama na ce da Usaini, "Ka ga hannun ɗan makaranta. Ko daga nesa mutum ya hango shi ya san wannan ba na gona ba ne." Khalilu ya sunkuyar da kai yana murmushi, Furera ta ce a sa masa lalle kawai a huta. Aka yi dariya, ban da Usaini.

Sun tafi tarar motar Shanono, Khalilu da Usaini, don ƙauyensu ɗaya.

Juma'a, da hantsi

Ɗan Iya mai yankan farce ya wuce yana kaɗa almakashi. Ba Juma'ar da ba ya tsayawa ya tsokane ni. "Malam, yau ma a'a?" Na ce wuce ka ba ni wuri, maƙiyin sana'ata. Yana dariya har ya sha kwana.

Bai jima da wucewa ba Basiru ya kira. Motar jiya ba ta isa ba, 'yan bindiga sun tare ta a hanya.

Juma'a, bayan masallaci

An ce an sako wasu. An ce Usaini yana ciki.

Asabar, da azahar

Ba labari. Asiya ta ajiye mini abinci, ta zo ta ɗauke, ta sake kawowa. Ta ce, "Malam, ko ruwan koko ka kurɓa, yunwarka ba za ta fito da kowa daga daji ba." Na ce ta fita mini daga ɗaki. Matar da ta yi haƙuri da ni tun ina saurayi mai yawo da jita a baya, yau ita na kora. Ban san me ke damuna ba. Ƙarya nake, na sani.

Litinin, bayan la'asar

Furera da Basiru sun zo. Ban zaci za su zo ba. Na jera kujeru huɗu kamar kullum, Basiru ya dubi biyun da ba kowa, ya dube ni. Jitar Khalilu na rataye a bango inda ya bar ta.

Na ce a ɗauki Kaji daga farko, ni zan riƙe layin Usaini. Basiru ya ce, "Uwa fa, Malam?" Na ce a bar uwa. Dokata ce tun ranar da na fara koyarwa, sun kuma san ta: wanda ya ɓace a tsakiyar kiɗa ba a tsaya masa, ba a kuma cike masa gurbi. A ci gaba, zai ji inda ake, ya shigo.

Muka tafi har tsakiya, muka yi shiru. Ban taɓa sanin wurin nan yana da tsawo haka ba. Ana jin akuyar maƙwabta, ana jin sussukar gero a bayan gida. Na ce kowa ya bi uwa a zuciyarsa mu shigo tare. Muka shigo a warwatse, Basiru gaba, ni baya, Furera ba ta shigo ba sam. Ta kifa kai a kan jita.

Laraba, da safe

Ba labari.

Alhamis, bayan la'asar

Usaini ya zo, da sanda, ƙafafu a kumbure. Ya gaishe ni daga bakin ƙofa, hannayensa cikin aljihu. Na ce shigo mana, wa ya hana ka? Ya zauna, bai taɓa jita ba. Na yi masa barka, na ce Allah ya kiyaye gaba, ya ce amin. Ban tambaye shi komai ba. Shi ne da kansa, bayan su Furera sun fita shan ruwa, ya ce, "Malam, ba su tambayi sunan kowa ba. Ba su tambayi garin kowa ba."

Sai ya faɗa mini yadda aka yi aka raba su gida biyu a bakin hanya, waɗanda za a kora da waɗanda za a tafi da su. Ba zan rubuta ba.

Da zai tafi ya ce in yafe masa maganar farce. Shi ke neman in yafe masa! Na ce tashi ka tafi kafin rana ta yi sanyi. Muryata ta fito da faɗa, ba haka na nufa ba.

Asabar, da hantsi

Na fita sayen sabulu, na dawo ban saya ba. Hannayen mutane nake ta kallo. Na mai shayi, duk tabon ƙuna. Na Malam Garba da ke ɗaure dawa, tafin ya yi kanta ya tsattsage, ko ƙaya ba za ta shige shi ba. Duk garin nan haka hannaye suke. Na cusa nawa cikin riga na juyo gida.

Lahadi, bayan azahar

Mutanen dajin sun kira kawun Khalilu. Mahaifin ya daɗe da rasuwa, kawun ke tsaye a kan gidan. Ya rantse musu da Allah yaron maraya ne, ɗan talaka, gonarsu ko ta cika rumbu ɗaya ba ta yi. Suka ce ƙarya yake, ɗan manya ne, su da suka ga hannunsa.

Basiru ne ya kawo mini maganar. Yana faɗa yana kallon ƙasa. Na ce to, na ji. Na shiga ɗaki na rufe.

Litinin, bayan la'asar

Mun yi Kaji su uku. A tsakiya shiru. Sun shigo a warwatse. Na ce a sake. Sun shigo a warwatse. Na ce a sake, a sake, har Furera ta ce yatsanta ya fashe. Na ce ya fashe ɗin, wani yana can ko ruwa bai samu ba ke kina kukan yatsa. Kai, Balarabe, me yarinyar nan ta yi maka?

Sautin Usaini a dakushe yake kamar yadda na faɗa. Ban ce masa komai ba. Da wane bakin?

Laraba, kafin magariba

An ce an ga gawa a bakin rafi, can gaba da ƙauyensu. Kawun ya je ya duba. Ba shi ba ne. Na yi hamdala da ƙarfi har Asiya ta leƙo. Daga baya kunyar hamdalar ta kama ni, don wanda ke kwance a can ma ɗan wata ne.

Juma'a, da hantsi

Na ji almakashin Ɗan Iya tun daga nesa, na tashi daga ƙofar gida na koma ciki. Ya tsaya a bakin zaure ya daɗe yana kaɗawa, bai kira ni ba. Shi ma ya ji ke nan. Kowa ya ji.

Lahadi, da safe

An janye yajin aiki. Rediyo na ta murna. Ni ko a jikina.

Litinin, bayan la'asar

An sa ranar jarrabawa. Basiru ya jira aka gama, ya gyara zama ya ce yana da magana. Wai ya ga shugaban sashe, ya ce ba laifi ni in kama uwa ranar, tun da lalura ce. Na ce uwa tana da mai ita. Ya ce, "Malam, mun sani. Amma ba uwa ba za mu iya shigowa ba, kai ma kana gani. In muka faɗi sai baɗi. Mu ma fa iyayenmu suna jiran takardar nan."

Na ce au, har kun binne shi? To ku je ku yi sadakar uku ku dawo, sai in kama. Basiru ya tashi tsaye, idonsa jawur, ya ce, "Ɗakinmu ɗaya da shi tun ajin farko, Malam. Tabarmarsa na nan ban naɗe ba." Ya ɗauki jitarsa ya fita ba sallama.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na iya layin nan ina barci ma. Amma ranar da na zauna a kujerar nan na kaɗa shi, to na ce da bakina ba zai dawo ba. Ba zan faɗa ba. Na riga na faɗi magana ɗaya a kan yaron nan, ta isa.

Talata, da azahar

An sayar da dawar su Khalilu a tsaye a gona, ko nuna ba ta gama ba. Na aika da abin da zan iya ta hannun Usaini. Aka dawo mini da shi, aka ce an gode. Asiya ta karɓa ta ce bari ta bi ta hannun mata, ba sai an san daga ina ba.

Alhamis, bayan la'asar

Mahaifiyar Khalilu ta zo. Inna Kaltume. Ban taɓa ganin ta ba sai yau. Ta shigo nan Bici wurin danginta neman taimako, ta ce a nuna mata gidan malamin. Ta shiga wajen Asiya, ta ƙi zama a tabarma, ta zauna a ƙasa. Na je na durƙusa na gaishe ta. Na shirya ta zage ni. Wallahi da ta zage ni da na ji sanyi.

Khalilu ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa. Sai dai "yaron naku", "wancan". Ta ce, "Malam, yaron naku ya ce mini in bar shi da aikin gona bana, malaminsa ya ce hannun na da amfani. Na bar shi. Ƙannen suna ƙorafi, na ce ku ƙyale shi, karatu yake." Sannan ta ce, "Ni dai ban taɓa jin abin da yake kaɗawa ba. A gida kunyata yake ji. Ina so in ji abin da aka tara farcen dominsa."

Ba gori a muryarta. Tambaya ce kawai.

Na sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure ta ciki. Basiru ya dawo yau, bai gaishe ni da fara'a ba amma ya dawo. Suka ɗauka. Furera ta fito, Basiru ya bi, Usaini ya bi. Ban taɓa jin sun yi shi da kyau haka ba. Suka iso tsakiya, suka ɗauke hannu.

Inna ta jira, ta jira. Ta ce, "Ya ƙare ke nan?"

Furera ta ce, "A'a, Inna. Nan wurinsa ne. Shi kaɗai ke yi, mu muna jiran ya kira mu."

Ta dubi kujerar. Ba wanda ya shigo, ba wanda ya motsa. Sai ta ce a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci, "Khalilu." Asiya ta toshe baki da mayafi ta shige ciki.

Na raka ta har bakin titi. Ba ta ƙara cewa komai ba sai "Allah ya ba mu haƙuri, Malam." Mu, ta ce.

Asabar, da asuba

Na yi sallah, na daɗe ban tashi ba. Ban san me zan roƙa ba kuma. Na roƙa, na roƙa. Ya Allah ko a wane hali ne, a dawo da shi.

Litinin, da azahar

Ba labari. Jarrabawa na matsowa. Gurbinsa na nan.

Laraba, bayan la'asar

Sun sako shi! Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Yana asibiti. Usaini ya kira yana kuka yana dariya, na kasa gane rabin maganarsa. Na fita tsakar gida ba takalmi ina kiran Asiya. Na ci tuwo malmala biyu. Na sauko da jitarsa na goge, na ɗaure tsirkiyoyin da suka saki. Na ce da Basiru ka gani? Ka ga amfanin doka?

Alhamis, da yamma

Na je asibiti. Jama'a cike, 'yan barka. Ya rame har na so in wuce gadon. Da ya gan ni ya yunƙura zai tashi, na ce kwanta, kwanta. Ya miƙo mini hannun hagu muka gaisa. Na daman yana ƙarƙashin zane. Na ce masa kujerarka na nan, ba wanda ya zauna. Ya yi murmushi ya dubi bango.

Usaini ya biyo ni waje yana so ya yi mini magana. Na ce sauri nake, mota za ta tashi. Ba motar da za ta tashi.

Lahadi

Ban fita ba.

Litinin, bayan la'asar

Ya zo. Kawunsa ya kawo shi a babur, wai ya matsa sai an kawo shi. Furera ta yi guɗa ta manta a zauren malaminta take. Ya zauna a kujerarsa. Na ɗauko jitar zan miƙa masa, sai ya fito da hannun daga cikin riga ya ɗora a gwiwa, ya warware tsumman da kansa.

Ba zan rubuta duka ba. Igiya ta ci wuyan hannun, likita ya ce yatsu uku ba za su ƙara miƙewa ba. Farce kuwa babu ko ɗaya, kuma ba yanke su aka yi ba.

Ina tsaye da jita a hannu kamar wawa. Shi ne ya fara magana. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Na so in riƙe su, wallahi. Ban iya ba."

Inna lillahi. Haƙuri yake ba ni.

Ya ce wa ke riƙe da uwa yanzu? Basiru ya ce ba kowa, Malam ya hana. Ya ce, "Haba, Malam. Jarrabawa saura mako fa. Ka kama musu mana." Ya tashi daga kujerar, ya koma kan tabarma kusa da ƙofa, ya nuna mini ita da hannun hagu.

Duk makonnin nan na tsare kujerar nan, na yi faɗa da kowa a kanta. Na zauna.

Muka ɗauka. Da muka iso tsakiya suka ɗauke hannu, ya rage ni kaɗai. Layin da na koyar shekara da shekaru, yau so nake kawai in fita daga wurin. Na kira su, suka shigo tare, cif, karo na farko tun ranar. Muka kai ƙarshe.

Sai Khalilu daga bakin ƙofa ya ce, "Malam, ka yi sauri a tsakiya. Kai ka ce uwa ba ta gaggawa."

Na ce haka ne. Na ce a sake.

Laraba, da azahar

Asiya ta ce tun shekaranjiya ban yi wa kowa faɗa ba, abin ya fara ba ta tsoro.

Juma'a, da hantsi

Na zauna a ƙofar gida na jira shi. Ɗan Iya ya taho yana kaɗa almakashi, da ya hango ni ya daina, zai wuce ta ɗaya gefen. Na kira shi. Ya tsuguna, na miƙa hannu. Ya ce, "Na hagu, Malam?" Na ce na dama. Ya dube ni ya ce, "Tun ina yaro nake bin hannun nan, yau kuma ba na so." Na ce yi aikinka.

Bai daɗe ba ya gama. Ya tattara su ya zuba mini a tafin hannu kamar yadda ake yi, in binne. Ya ƙi karɓar komai, ya tafi bai kaɗa almakashi ba.

Na tona ƙasa a cikin zaure, ƙarƙashin kujerar, na binne su. Litinin jarrabawa. Zan kama uwa da naman yatsa, ta fito yadda ta fito. Khalilu ya ce zai zo ya ji.